Goron da Mijina Ya Kai wa Kofur

A Salaga aka haife ni, a gefen garin da rijiyoyi suka fi yawa. Uwata ruwa take sayarwa, ni ma da tulu a ka na girma. Ban yi karatu ba, na allo ko na Turawa. Matar ɗana ce take rubuta wannan, na kuma gaya mata kada ta sassauta mini magana, ko da ta ji na taɓa mutumin da har yau ake ambatonsa da girma a majami'armu.

Mijina ɗan goro ne, amma ba mai dukiya ba. Aikinsa tsintar goro a gidan wani fatoma mai saukar da fatake. In kaya ya iso daga Asante, shi zai kwance huhu, ya baje a tabarma, ya bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda ƙwaro ya huda sai ya ware gefe, domin guda ɗaya ya isa ya ɓata sauran. Ya yayyafa ruwa, ya canja ganye, ya sake ɗaurewa. Da hanci yake gane wanda ya fara lalacewa tun ido bai gani ba. Kullum da goro a kuncinsa, haƙoransa jawur. A haka na aure shi, ban taɓa ganin aibu a ciki ba.

Da motoci suka fara kwashe kaya suna wucewa ba tsayawa, Salaga ta yi sanyi, muka koma Yendi. A can gyambo ya kama shi a ƙauri, ya yi watanni a kwance. Mun sha rubutu, mun ɗaura saiwa, ƙafa sai ƙara wari take. Wata Baturiyar mishan ce ta riƙa wanke masa kowace safiya da hannunta, tana yi masa magana da wata karyayyar Hausa da ke ba yara dariya. Ƙafa ta warke. Wa'azin da ya ji a barandar mishan inda ake wanke masa ƙafar kuma ya zauna masa. Ba zan ce don ƙafa ya bi ba, domin sai da ya shekara da warkewa yana juya abin a ransa kafin wata rana ya ce mini, "Ke, ni fa na gaskata." Na yi kwanaki ina kuka. Daga baya ni ma na gaskata da kaina, ba wanda ya matsa mini, aka yi mana baftisma rana ɗaya a rafi.

Yayansa, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ya aiko daga Salaga cewa shi ba shi da ƙane. A zangon Yendi aka daina kiranmu suna, aka daina kiranmu biki. Matan da muke daka tare suka riƙa ɗauke turminsu idan na fito. Wannan ya yi ciwo, amma ban riƙe su ba. Sun yi abin da suka ga daidai ne a addininsu, ba su kuma taɓa kirana 'yar'uwa a cikin Ubangiji ba. Wanda na riƙe, namu ne.

A Yendi muka san shi. Tsohon soja ne, ya kai muƙamin kofur, ya tuba a kudu, ya koyi karatu, ya zama mai wa'azi. A gabansa Malam muke ce masa, a bayansa Kofur. Kafin ya yi aure ya ci tuwona ya fi a ƙirga. Da Baturen mishan ya ce za a buɗe aiki a Bawku, shi aka ɗora a kai, aka roƙi mijina ya bi shi, saboda yana jin Dagbanci da ɗan Mosanci, kuma mutanen kasuwa suna sakin jiki da shi.

Majami'ar Bawku ɗakin ƙasa ce da jinka, mijina da hannunsa ya buga tubalinta. Ba mu da yawa: Kusasi, da Mosi, da mu 'yan zango biyu uku. Kofur ya ce Allah ba ya son mai bi da baki, biyayya yake so, ita kuwa biyayya sai an koya wa mutum kamar yadda ake koya wa kurtu taka ƙafa. Ya hana shan pito, giyar dawar da mutanen wurin suke dafawa. Ya hana taba, ya hana laya. Ba zan yi masa ƙarya ba, na ga amfanin wasu. Akwai wani Bakusashe da ya daina dukan matarsa tun da ya bar tukunyar pito. Sai kuma ya hana goro. Ya ce duk abin da mutum ba zai iya yini ba tare da shi ba ya zama ubangijinsa.

Hanin bai ishe shi ba, sai da ya haɗa da dubawa, irin yadda ake duba kayan soja. Kowace Lahadi zai tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, mu jeru. "Buɗe." Ka buɗe baki. "Harshe." Ka fito da harshe. Yana neman jan goro. Dattawa masu furfura, mata masu goyo, kowa. Akwai wata tsohuwa Bakusasa da ba ta da haƙori ko ɗaya, ita kan wangale baki ta ce, "Malam, duba da kyau, in ka ga wani abu a ciki ka ba ni labari." Mu yi dariya ƙasa-ƙasa, shi ko murmushi.

Mijina ya daina ci. Wata biyu yana fama da ciwon kai, yana tauna asuwaki har ya zama zare. Bai yi gunaguni ba. Yana da ɗan tirensa a kasuwar Bawku inda yake sayar da goro, sai Kofur ya ce mai sayarwa da mai ci duk ɗaya ne. Na ce, "Maigida, Bature da kansa bai ce a daina sayarwa ba." Ya ce, "Wanda aka ɗora a kanmu ya faɗa." Ya bar sana'ar da ya iya tun yana yaro, ya koma bugun tubali da faskare, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya. A wurin tubalin nan ya samo tari.

Abin da ya riƙe shi, Jibin Ubangiji ne. Lahadin farko ta kowane wata ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a gutsuttsura gurasa, a zuba ruwan zoɓo a ƙoƙo ɗaya, mu ci mu sha don tunawa da mutuwar Almasihu. Tun Asabar yake sa in wanke masa farar rigarsa. Ranar ba ya karyawa. Ya taɓa ce mini, "Dangi sun rufe mini ƙofa, kasuwa na bar ta. Nan kaɗai ake miƙo mini abu a ce karɓi ka ci, kai namu ne." Shekara shida bai taɓa rasa ko ɗaya ba, shekara shida kuma goro bai shiga bakinsa ba.

Wata Juma'a da la'asar ina tankaɗe na ji sallama. Muryar na sani, amma ta tsufa. Yayansa ne, ya zo Bawku sayen shanu. Bai shiga ɗaki ba, ya kifa turmi ya zauna a tsakar gida. Suka gaisa kamar baƙi, ina gajiya, ina gida, ina mutanen Salaga. Ya lissafa waɗanda suka mutu, da uwarsu a ciki, an yi shekara biyu. Mijina ya sunkuyar da kai. Sai yayan ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro guda, ya ɓare shi biyu, ya miƙo rabi.

"Karɓi."

Mijina bai motsa ba.

"Ban zo in mayar da kai masallaci ba," in ji yayan. "Na tsufa, ba ni da ƙarfin wannan rigimar. Mu biyu muka rage. In ba za ka ci ba, faɗa mini, in san da gaske ba ni da ƙane."

"Yaya, an hana mu."

"Wa ya hana ka? Allahnka, ko wancan sojan?"

Hannun yayan na nan a miƙe. Mijina ya karɓa ya ci. Suka zauna suna taunawa, hawaye na bin gemun kowannensu. Ni kuwa na koma bayan ɗaki na gode wa Allah. Har yau ban ga zunubi a wannan rabin goron ba.

Da yayan ya tafi na ce, "Maigida, fari ne, kuma rabi. Kafin jibi ba abin da zai rage a bakinka. Ka yi shiru." Ran Lahadi ya buɗe baki a ƙofa, Kofur ya duba ya ce, "Wuce." Na yi ajiyar zuciya. Ana tsakiyar sujada, lokacin da ake ba wa mai nauyi a zuciya dama ya faɗa, sai na ga mijina ya miƙe.

"Malam, bakina ya wuce a ƙofa, amma na ci goro shekaranjiya."

Ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Wani a baya ya yi dariya, ba don mijina ba, don dubawar da ba ta kama komai ba. Na ga jijiyar wuyan Kofur ta tashi. Ni dai har in mutu zan ce dariyar nan ce ta yanke hukuncin, ba goron ba. Ya ce wanda ya fi kowa daɗewa a bangaskiya shi ya kamata ya fi kowa jin horo. Wata shida a bencin baya, wanda ake zaunar da masu laifi, kuma ba zai kusanci tebur ba.

Mijina ya koma bencin baya ya zauna. Duk Lahadin farko ya sa farar rigarsa, faranti ya zaga ya tsallake shi. Damina ta shigo, tari ya ƙaru. A wata na huɗu na ga jini a tsumman da yake tofawa. Shi ma ya gani. Ɗanmu yana wurin yaƙin Turawa, Bature ya tafi ƙasarsu ba a san ranar dawowarsa ba. Ba kowa a kanmu sai Kofur.

Wata safiya ya ce, "Ke, ba na jin zan ga ƙarshen wata shidan nan. Zan je in roƙi Malam ya rage mini, in ci ko sau ɗaya."

Na ce ya je. Sai ya ce, "Da me zan je?"

A inda muka taso, da Gwanja da ƙasar Dagwamba duk ɗaya, ba a zuwa wurin babba neman gafara hannu wofi. Wanda ya yi haka ya ƙara laifi a kan laifi, kamar ya ce ban ɗauke ka komai ba. Na ce ya kai kaza. Ya ce kaza ta gidan tsafi ce, Malam zai ce hadaya ya kawo. Na ce ƙwai. Ya ce ƙwai na gaisuwar baƙo ne, ba na mai laifi ba. Mu biyun mun san abu ɗaya ne ake kaiwa, goro.

"Amma ai saboda shi aka hore ka," na ce.

"Ci aka hana. Goron roƙo ba na ci ba ne, na ajiyewa ne a gaban mutum. Malam ya zauna a Yendi, ya ga yadda ake yi."

Maganar ta shige ni. Ni na je kasuwa da ƙafata, na zaɓo farare bakwai manya, shi ya duba su ya mayar da ɗaya ya ce ƙwaro ya taɓa shi, na koma na canjo. Ni na wanke su, na sa a sabuwar 'yar ƙwarya, na rufe da faifai. Wannan ne abin da ba ya barina in yi barci mai kyau. Da na buɗe baki na ce a'a, da ya ji.

Ran Asabar da yamma muka tafi, yana dafa kafaɗata. Kofur na zaune a ƙofar gidansa da dattawan ikilisiya biyu. Mijina ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya tura ƙwaryar gabansa da hannu biyu.

"Malam, na yi laifi. Na zo a yafe mini."

Kofur ya ɗaga faifai. Ya daɗe yana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Goron roƙo ne, Malam. Ba na ci ba ne."

"Izgili ka zo yi mini a gaban dattawa? Ranar nan ka sa an yi mini dariya, bai ishe ka ba?"

Ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar. Goro ya watse a ƙasa. Mijina, mutumin da ya yi shekara talatin ba ya iya ganin goro a turɓaya, bai ma san ya yi ba, sai ga shi yana rarrafe yana tsincewa, yana hure ƙura, yana gogewa da bakin riga.

"Kun gani?" in ji Kofur. "Kun ga inda zuciyarsa take? Ga abin da yake durƙusa wa."

Ɗaya daga dattawan, wani Bamoshe da ya san al'adar sarai, don da goro ya nemo matarsa, ya ce a hankali, "Malam, ai haka ake yi a…" Kofur ya juyo ya dube shi, ya haɗiye sauran. Shi ma ban manta masa ba.

Nan take Kofur ya yanke hukunci. Ba bencin baya kuma, waje. Kada ya taka cikin majami'a, kada wani ɗan ikilisiya ya ci abinci da shi ko ya shiga gidansa, sai ran da aka ga tuba ta gaske.

Na ce, "Kofur!" Ranar na fara kiransa haka a idonsa. "Ɗakin da kake korarsa daga ciki, wa ya buga tubalinsa? Tuwon da ya tsayar da kai a Yendi lokacin da wandonka ɗaya, gumin wa ne?"

"Uwargida, ki kama bakinki, kada ki bi shi."

"Tun daga Salaga nake binsa, sai yau za ka ba ni izini?"

Mijina ya ja mini zane. "Ke, ya isa. Malam, mun ji."

Lahadi uku yana jan jiki ya je ya zauna a kan dutse ƙarƙashin taga, a waje, yana bin waƙa da leɓe. Ta huɗu ƙafa ta ƙi. Ba wanda ya leƙo mu. Mutanen da ya yi wa tafinta, ya raka su asibiti, ya haƙa wa 'ya'yansu kabari, suka riƙa canja hanya in sun hango ni. Tsohuwar nan mara haƙori kaɗai takan ajiye ƙwaryar koko a kan katanga ta yi tari ta wuce, ita ma ba ta shigo ba. Matar mahaucin da ke maƙwabtaka da mu, Musulma, ita ce take shigowa da romo har ɗaki, ta zauna ta yi masa fifita. Ta tambaye ni, "Ina mutanenku?"

Sau uku ina zuwa wurin Kofur. Na durƙusa, na janye maganar da na faɗa masa. Ya ce, "Horo magani ne, Uwargida. In na sassauta masa, gobe kowa zai yi abin da ya ga dama ya zo mini da ƙwarya." Na ce, "Mutuwa yake yi." Ya ce, "Rai a hannun Allah yake." Abin da ya fi ƙona mini rai, ya gaskata abin da yake faɗa. A ganinsa Allah yake yi wa aiki.

Lahadin farko ta wata ta zo. Mijina ya ce in je, kada in rasa nawa saboda shi. Na je. Faranti ya iso gabana, na ɗauki gutsuren gurasa, na kai hannu baki kamar na ci, na damƙe shi a tafina. Ana fara zagawa da ƙoƙo na tashi na fita. Rana tsaka, ina sauri ina tuntuɓe, gumi ya jiƙa gurasar.

Na durƙusa a gefen tabarmarsa na buɗe hannu. Idonsa ya yi haske yadda ban gani ba tun kafin damina.

"Malam ne ya aiko?"

"Shi ne."

Ya dube ni. "Ina ƙoƙon? Ina dattawa?"

Na ƙara matsa masa da tafina.

"Ke, duk zamanmu ba ki iya ƙarya ba, sai yau za ki koya?"

"Ka ci. Nawa ne, na ba ka. Ba wanda ya gani."

"Ba a sata a wannan tebur. Mayar."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, yana kwance ƙashi da fata. Na ce masa bawan Kofur. Na ce ya bar uwarsa ta mutu bai gan ta ba, ya bar sana'arsa, ya ba da ƙirjinsa ga tubali, yanzu kuma zai mutu da yunwar abu ɗaya da yake so saboda wani tsohon soja mai girman kai. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, yana tsayawa yana numfashi, "Ba Kofur nake bi ba. Ran da aka tsoma ni a ruwa na ce zan yi biyayya. Ban ce sai an ɗora mini mai sauƙin hali ba. Shi zai amsa nasa. Kada ki sa in je da wannan a bakina."

Na koma. An tashi, mutane na gaisawa a ƙofar majami'a. Na ratsa su, na kama hannun Kofur na buɗe shi, na danna masa gurasar da ta zama kamar ƙulli.

"Ga abinka. Ni na sata, na kai masa, na ce kai ka aiko. Ya ƙi ci, ya ce ba ka ba da izini ba. Ka yi shekara shida kana leƙa bakin mutane kana neman mai biyayya. Yana can kwance, kai ka kore shi. Yanzu sai ka hore ni."

Ya tsaya yana kallon tafinsa har na juya.

Washegari da hantsi ya zo, shi da ya hana kowa shigowa. Ya sunkuya ya shiga ɗaki, ya ga abin da ya rage na mijina. Mijina ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa.

"Malam, ka yafe mini. Ƙwaryar nan ba raini ba ne."

"Na sani yanzu, ɗan'uwa. Na yafe."

Zuciyata ta buɗe. Na ce, "To ga gurasa zan samo yanzu, ga zoɓo a tukunya. Dattawa gida uku ne tsakaninmu."

Kofur ya girgiza kai. "A gaban ikilisiya aka fitar da shi, a gabanta za a mayar da shi. Ran Lahadi zan sanar, a sake shimfiɗa tebur dominsa, mu kawo masa har nan."

"Ba zai kai Lahadi ba. Dube shi!"

"Komai da tsarinsa, Uwargida. In na karya tsari yau don tausayi, me zan koya musu gobe?"

Na dubi mijina ko zai sa baki. Ya ce, "Allah ya kai mu, Malam."

Daga ranar, kowace safiya in ya buɗe ido sai ya ce, "Yau wace rana?" Na ce Talata. Na ce Laraba. Ya sa na wanke farar rigar na rataye inda zai riƙa ganinta. Ran Laraba na sake komawa wurin Kofur, matarsa ta ce ya tafi wa'azi Binduri. Ran Alhamis mijina ya tambaya, na ce Alhamis, ya ƙirga da yatsu uku a kan ƙirjinsa. Kafin rana ta take ya cika. A ranar aka binne shi, a cikin rigar.

Ran Lahadi na je, ban san abin da ya kai ni ba. An shimfiɗa farin ƙyalle, ko da yake ba farkon wata ba ne. Kofur ya miƙe, muryarsa na karyewa, ya sanar cewa ɗan'uwanmu ya tuba, an ɗage masa horo, an mayar da shi cikin ikilisiya da teburin Ubangiji. Mutumin da ya kwana uku a ƙasa. Jama'a suka ce amin.

Na tashi tsaye na ce, "To wa zai kai masa?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Bamoshen nan ya rufe fuska da hula. Na tsaya har ƙafafuna suka gaji, na zauna. Faranti ya zo gabana. Na so in kife shi. Na ɗauka na ci, don na san abin da mijina zai ce.

Mutane suna cewa mutuwarsa ta gyara Kofur, ya zama mai taushi, ya yi aiki mai albarka har tsufansa. Wataƙila haka ne. Ni ban bar dangina na bi mutum har Bawku don a gyara Kofur da shi ba. Sau biyu ya zo neman gafarata, na biyun yana dogara sanda. Na ba shi tabarma, na ba shi ruwa, na ce masa ya jira Lahadi. Ya mutu ban faɗa masa kalmar ba.

Kwana uku kawai ya rage wa mijina. Kullum sai na yi kuka a kan kwana ukun nan. Masu wa'azi na yanzu suna zuwa su ce, "Iya, ki yafe kafin ki tafi, umarnin Ubangiji ne." Na san umarni ne, ba sai an karanta mini ba. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon bi. Har safiyar yau bai zo ba.